Gwangwanin Biskit na Ardis

A garinmu na arewacin Minnesota ba a cinye yankan ƙarshe. Ajiye farantin kek a zauren coci bayan addu'ar Lahadi ka gani: za a raba na ƙarshen biyu, a sake raba rabin, har ya koma kamar farce, kuma babu mai taɓa shi. Wai kar a ce ka fi wani buƙata. Mu dai a kan kek muka tsaya. Ardis, matar yayana Verlyn, ita har kan magani ta kai abin.

Duk maganin kashe ƙwayoyin cuta da likita ya rubuta mata, da ta ji sauƙi sai ta dakata, ta juye ragowar a gwangwanin biskit da ke saman firji. Na ciwon fitsari, na maƙogwaro, na haƙori, har na karensu da ya mutu. Kowa ya yi tari a unguwa, sai ga Ardis a ƙofa da tukunyar miya da 'yan kafso a ƙulle cikin takarda. Coci har lambar yabo ta ba ta. Ni kam na yi magana har bakina ya gaji.

Verlyn yana da ciwon suga. A lokacin kaka ya taka ƙusa a garken shanu, ƙafarsa ta hagu ta kumbura suntum.

Na ce, "Ardis, ki kai shi asibiti."

Ta ce, "Haba Lavonne, a dami likita a kan ƙusa? Ga masu ciwon gaske can suna jira."

Ta ba shi jajayen kafso na gwangwanin, kumburi ya sauka, ta tsayar. Ya dawo, ta ba shi fararen. Ya sake dawowa, ta shiga na karen. Shi kuwa gogan, in ka tambaye shi, sai ya ce, "Ba laifi, da sauƙi."

Ranar da wari ya tare ni tun daga ƙofar falonsu, ban nemi izinin kowa ba, na tura Verlyn mota, sai asibiti.

Likitar, Dakta Vang, ta sa aka auna mugunyar, sannan ta zaunar da mu. Ta ce, "Cutar nan ta ɗanɗani magunguna iri-iri, kaɗan-kaɗan, wanda bai isa ya kashe ta ba. Yanzu ta saba da su. Guda ɗaya ya rage mana. In ya ƙi, sai dai mu cire ƙafar."

Aka ɗura masa shi ta jijiya, ƙafa ta fara kyau, aka sallame shi da ƙwayoyin sha. Likita ta kama hannun Ardis ta ce, "Ya shanye duka. Duka fa, ko da ya tashi yana rawa." Ardis ta gyaɗa kai har da ƙwalla.

Gab da Kirsimeti zazzaɓi ya rufe shi, yatsun ƙafar suka yi baƙi ƙirin. Na hau kujera na sauko da gwangwanin. Ga ƙwayoyin da aka sallame shi da su nan, kusan rabi, a jere a kan na karen.

Na ce, "Mene ne wannan, Ardis?"

Ta dube ni kamar ni ce marar tarbiyya. "Kina wurin fa likita ta ce shi kaɗai ya rage. Sai mu shanye mu bar jama'a haka nan?"

Daga ƙasan gwiwa aka yanke. Na yi kuka a barandar asibiti kamar raina zai fita, na yi zagin da ban san na iya ba. Da Verlyn ya farfaɗo ya kalli inda bargo ya kwanta shafal, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ba laifi."

Ranar Lahadi na leƙa akwatin kayan taimako da ke bakin zauren coci. Takalminsa na hagu na ciki, an goge shi fes, ko wani zai buƙata.