Ramin da Dulcie Ke Nema

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To ku matso. Mai ƙaiƙayin zama kuma ya buɗe kunne, don labarin nan da irinsa yake.

A garinmu Broken Hill akwai wata mata, Glenys Haddow, katanga ɗaya ce tsakanina da ita. Mace ce da ba ta san zama ba. In ta ɗora ruwan shayi sai ta buɗe murfin buta sau uku kafin ya tafasa. Mijinta Des kuwa shekara talatin ya yi a ramin haƙar ma'adinai, kuma tun da ya ajiye aiki, in ya zauna a kujerar baranda, ko gobara sai ta yi masa sallama kafin ya motsa.

Da 'ya'yansu suka watse birane, Glenys ta samo ƙadangaruwa mai gemu, irin ta kiwo a gida, ta raɗa mata Dulcie. Akwatin gilashi a falo, fitilar ɗumi a sama. Kullum safe ta goga mata kabewa, ta barbaɗe gyare da garin alli don ƙwarin ƙashi, ta tsaya sai ta ga an haɗiye. Da sanyi ya wuce ta kai ta wurin namijin ƙadangaren da ƙawarta Coral ke kiwo. Kafin watan Nuwamba ya yi nisa cikin Dulcie ya cika, in ka shafa ka ji ƙwai jere kamar 'ya'yan dara.

Daga nan Dulcie ta daina cin abinci. Sai zarya, daga wannan kusurwa zuwa waccan, tana ƙarzar gilashi da farce, ƙarar-ƙarar, wuni guda. Glenys ta cika babbar roba da yashi ta sa ta a ciki don ta haƙa ramin ƙwai. Dulcie ta haƙa nan, ta bari. Ta haƙa can, ta bari. Kwana biyar ana haka, idanunta har sun fara faɗawa.

Ranar Alhamis da safe Glenys ta buga wa likitar dabbobi da ke Mildura waya, tafiyar awa uku a mota. Likita ta ce ƙwai in sun daɗe a ciki kashe uwar suke yi. In gobe ta kai tsakar rana ba ta saka ba, a kawo ta a yi tiyata, amma ba kowace ce ke tashi daga tiyatar ba.

Glenys ta ajiye waya ta yi baranda.

"Kana nan kana karanta jarida, rai na shirin fita a falo!"

"Ran wa?" in ji Des.

"Ran wa! Na Dulcie mana, kurman banza."

"Ni na ɗauka naki ne. Tun Lahadi ku biyu kuke ƙarzar gidan nan, ita gilashi, ke kunnena."

Duk da haka ya naɗe jarida ya bi ta. Ya tsaya kan robar yana kallo. Dulcie ta sa hannu ta tona, yashi ya zubo ya rufe wurin. Ta sake tonawa, ya sake zubowa. Des ya damƙi yashin a tafin hannu, ya buɗe, duk ya tsiyaye ta tsakanin yatsu.

"Uwar ƙadangaru, wa ya ce miki ana rami a wannan? Ko ni aka ba ni irin ƙasar nan gida zan koma. Ba ta riƙe rufi."

"To ka yi magana tun ranar Lahadi mana!"

"An tambaye ni?"

Ya ɗebo ƙasar lambu ya gauraya da yashin, ya riƙa yayyafa ruwa yana dunƙulawa, har dunƙulen ya tsaya a hannunsa bai fashe ba, bai kuma ɗiga ba. Ya daddanna da gindin kwalba, ya fara mata bakin rami da yatsa biyu a kusurwar da fitila ke haskawa. Aka mayar da Dulcie. Kafin a wanke kofunan shayi ta nutse har wutsiya, ƙasa na fitowa ta bayanta.

Glenys ta kasa haƙuri. Ta durƙusa ta kai fuska bakin ramin da 'yar tocila.

"Dulcie, 'yata, kin fara?"

Ai kuwa ƙadangaruwa ta ja da baya ta fito, ta kumbura gemu ya yi baƙi ƙirin, ta koma ƙarzar gefen roba. Ramin ko kallonsa ba ta ƙara yi ba.

Glenys ta zauna daɓas a ƙasa. "Shi ke nan, na kashe ta."

"Ba ki kashe ta ba tukuna," in ji Des. "Lokacin da kike naƙudar ɗanmu Warren, wa kika jefa da kofi don ya leƙo?"

"Wannan daban."

"Har yanzu ga tabon. Ɗauko jakarki."

Ya lulluɓe robar da tsohon tawul, ya kulle gida, ya jefa makulli a aljihun wando. Ya kai Glenys gidan abincin da ke babban titi, ya sayo burodi mai nama a ciki guda biyu. Nata ta farfasa shi ƙanana, ko loma ba ta kai baki ba. Ta miƙe wai ta bar murhu a kunne. Ya ce shi ya kashe. Ta ce kamar ta bar taga a buɗe, kyanwar Coral za ta shiga. Ya ce Coral unguwa uku ce tsakaninsu, kyanwar sai dai ta hau bas. Ta yi ta duba agogo har mai kawo abinci ta tambaya ko jirgin ƙasa suke jira. Des ya cinye nasa, ya jawo nata, ya ƙara shayi, a hankali kamar mai cin na ƙarshe a duniya.

Sai ƙarfe huɗu ya yarda suka koma. Glenys ta ɗaga gefen tawul. Ga Dulcie a saman ƙasa, ta shafe ramin sumul, tana daddanna wurin da hanci. Cikin nan ya zube, fata ta yi yaushi kamar tsohuwar safa. Glenys ta miƙa mata gyare ɗaya. Ta dube shi da ido guda, ta cafke.

Ƙwai ashirin da uku suka tono da cokali, Des na ɗiga wa kowanne alamar fensir a sama don kada a juya shi ɗan ciki ya mutu.

Iyakar abin da na sani ke nan. Dulcie ta mayar da jikinta cikin wata guda, ta ƙara shekara shida a falon. Ƙwai goma sha tara suka ƙyanƙyashe, Coral ta ɗauki biyar, sauran suka shiga gidajen masu kiwo har Adelaide. Likitar Mildura ba ta taɓa ganin Dulcie ba. Des ya rasu bara, Glenys tana wurin ɗanta Warren a bakin teku, kuma kowace Lahadi sai ta bugo mini waya.

Ƙurunƙus, na sauke muku.