Bar Mini Wannan

Raudatu ce ta ƙirƙiri Ƙurmus, ita ta raɗa masa suna, ita ta ba shi haƙora, amma ranar da aka tambaye ta abin da zai sa mutum mai hankali ya durƙusa masa, sai ta rasa ta cewa.

Shi Ƙurmus abin bauta ne a cikin wani wasan kwamfuta da suke haɗawa su uku. Raudatu ke rubuta labarin. Mika, wani ɗan Wusasa da ke koyar da lissafi a Tudun Wada, shi ke haɗa manhajar, matarsa Kezia kuma ke zana hotuna. A cikin wasan akwai wata ƙasa da ake kira Zangaru. Duk shekara, da zarar an gama girbi an cika rumbuna, sai Ƙurmus ya sauko daga tsauni ya bi ƙauyuka yana lashe abin da ya ga dama da wuta: gida, gona, garke, har jaririn da ke goye a bayan uwarsa. Ba ya saukar da ruwa, ba ya ba da haihuwa, ko gaisuwa ba ya amsawa. Amma duk da haka mutanen Zangaru suna share masa fage, suna yi masa yanka, suna koya wa 'ya'yansu kirarinsa.

Wata rana Raudatu da Mika suna zaune a barandar gidanta a Nassarawa GRA, inuwar mangwaro ta rufe rabin tsakar gida, sai Mika ya rufe kwamfutarsa ya ce, "Malama, waɗanda muka bai wa wasan su gwada duk bakinsu ɗaya. Sun ce dodon ya yi, mutanen ne ba su yi ba. Me suke samu a wurinsa?"

"Mulki," in ji Raudatu. "Wanda ya bauta masa ya ba shi sarauta."

"Sarakuna ke nan. Talakawan fa?"

"To, a ce hauka ne ya kama su."

Mika ya girgiza kai. "Gari guda ba ya haukacewa rana ɗaya. Har da tsofaffi da masu jego? Kezia ta zana wata tsohuwa tana share fagen. Duk lokacin da na kalli fuskarta sai na ji akwai abin da ta sani wanda mu ba mu sani ba."

Raudatu ta ce a ba ta lokaci. Gaskiyar magana, hankalinta ba ya Zangaru a kwanakin nan. Ciki ne da ita, na uku, kuma biyun farko ba ta da abin nunawa a kansu sai 'yan riguna a ƙasan akwati. Na fari namiji ne, bai kai ranar suna ba. Ta biyu ta fara murmushi ke nan, ta fara gane muryar uwarta, zazzaɓi ya ɗauke ta. Akwai sunan da ake kiran macen da 'ya'yanta ke mutuwa a jere, wabi ake cewa. Ba wanda ya taɓa faɗar kalmar a gabanta, amma ai kunne ya girmi kaka, kuma mutanen biki ba su iya raɗa ba.

Amsar Mika ba ta samu ba har naƙuda ta zo mata ba shiri, cikin yana wata bakwai. Ta haifi mace, 'yar mitsitsiya, aka sa ta a kwalba a asibiti. Mijinta Zubairu ya yi mata huɗuba da Nabiha, aka yanka rago ba taro. Da aka sallame su, mahaifiyar Raudatu, Inna Uwani, ta taso daga Gama da tukunyarta ta dafa ruwan wanka da ƙullin kanwa, ta tare a ɗakin baƙi.

Inna Uwani mace ce mai sallah a kan lokaci, carbi ba ya barin hannunta. Amma tun ranar da ta karɓi jaririyar ta juya ta a tafin hannu, ba ta taɓa cewa Nabiha ba.

"Barmini," ta ce. "Sannu da zuwa, Barmini."

Raudatu ta san al'adar sarai, a cikinta ta tashi. 'Yar wabi ba a kiranta da suna mai daɗi. Sai a ce Ajuji, ko Ayashe, ko Ajefas, a nuna kamar ba a damu da ita ba, ko mutuwa ta raina ta ta wuce. In kuwa uwa ta gaji da ɓoye-ɓoye, sai ta fito fili ta yi roƙo, ta ce Barmini. Ranta ya ɓaci ƙwarai.

"Inna, sunanta Nabiha. Wa kike roƙo ya bar miki? Allah ake roƙo, kuma ba da camfi ba."

"Allah nake roƙo, 'yar nan. Ni na koya miki Fatiha."

"To sunan na mene ne? Yaya Ajefas ai da sunan ta mutu. Ke kika gaya mini."

Inna Uwani ta gyara wa jaririyar hula. Ita ma ta binne 'ya'ya kafin ta samu masu zama, ta kuma san inda kowannensu yake kwance a maƙabarta. Sannan ta ce, "Ajefas ta mutu. Amma Mantau ya rayu."

Mantau shi ne Inuwa, wan Raudatu, wanda yanzu yake da 'ya'ya har da na sakandare, kuma har gobe ba wanda ya san shi da Inuwa sai a takarda. Raudatu ta buɗe baki za ta ce wannan ba hujja ba ce, ɗaya ya mutu ɗaya ya rayu, sunan bai ƙara komai ba bai rage komai ba. Sai ta dubi fuskar tsohuwar, ta haɗiye maganarta. Amma ta kafa doka: a gidanta Nabiha za a ce. Inna Uwani ta bi dokar ta hanyarta, ta koma cewa "yarinyar nan".

Nabiha ta fara kama nono, kumatu suka fara fitowa. Raudatu har ta soma buɗe kwamfuta tsakanin wanka da wanka, ta rubuta dalili ta goge, ta sake rubutawa. Ta gwada cewa Ƙurmus yana yi musu alkawarin wata rayuwa bayan wuta. Ta gwada cewa bokayensa ne ke yaudararsu. Kowanne in ta karanta sai ta ji shi holoƙo, kamar gwangwanin da ba komai a ciki.

Wata ranar Laraba da hantsi, ta ɗauki yarinyar za ta ba ta nono sai ta ji jikinta rau da zafi. Ta ƙi kamawa. Kukan ma ba ya fita, sai wani ɗan sauti kamar na mage. Raudatu ta san wannan zafin. Hannunta ya san shi tun kafin kanta ya yarda, don da irinsa ta biyun ta tafi.

Zubairu ya baro ofis ya same su a asibiti. Aka karɓi yarinyar aka shige da ita wani ɗaki mai tagar gilashi, aka sa mata robar iska a hanci, aka nemi jijiya a hannun da bai kai kaurin yatsa ba. Bayan azahar likita ta fito, wata mace mai sanyin murya, ta ce ƙwayar cuta ce ta shiga jini, sun ba da maganin da ya dace, saura kuma jiki ya karɓa. "Ku yi ta addu'a," ta ce. Raudatu ta taɓa jin wannan jimlar a irin wannan baranda, ta kuma san abin da ya biyo bayanta.

Zubairu ya tafi sayo wata allura da aka rubuta. Inna Uwani ta shimfiɗa ɗankwalinta a lungu ta tayar da sallah. Raudatu ta tsaya ita kaɗai a jikin gilashin tana kallon ƙirjin 'yarta yana ɗagawa yana sauka, yana ɗagawa, ya tsaya kamar ya fasa, sannan ya sauka. Tsoro ya cika ta. Duk addu'o'in da ta haddace tun tana Islamiyya suka watse daga kanta, ta neme su ta rasa. Can sai ta ji bakinta yana motsi da kansa.

"Bar mini. Ka ɗauki biyu. Bar mini wannan."

Ta faɗa ta sake faɗa, goshinta a jikin gilashi. Sai da ta yi nisa sannan ta lura ba ta ce ya Allah ba. Ba sama take kallo ba, ƙofar ɗakin take kallo. Da abin nan take magana, wanda ya shigo gidanta sau biyu bai yi sallama ba, tana lallashinsa da murya mai taushi, irin wadda ake yi wa azzalumin da ya riga ya shigo tsakar gida. Ba ta ƙaunarsa, ba abin da ta tsana a duniya kamarsa. Amma da za a ce mata ta share masa fage ya wuce ɗakin nan, wallahi da ta nemi tsintsiya.

Gabanta ya faɗi. Ta yi istigfari, ta yi ta maimaitawa, ta je ta yi alwala ta tsaya kusa da mahaifiyarta. A sujada ta kai kukanta inda ya kamata, ta roƙi Mai rayawa da kashewa, ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta sallame, Inna Uwani ba ta tambaye ta komai ba, ta dai miƙa mata carbinta.

Zazzaɓin bai sauka a ranar ba, bai sauka washegari ba. Sai da aka kwana biyu ana abu ɗaya, sannan wata safiya nas ta leƙo ta ce uwar Nabiha ta zo, yarinya tana neman nono. Da aka miƙo ta, Inna Uwani ta leƙa fuskarta ta ce a hankali, "Barmini, kin dawo?" Raudatu tana ji, ba ta hana ta ba.

Bayan sun koma gida da 'yan makonni, Mika da Kezia suka zo duba su da yamma, da ledar lemo da sabulun jarirai. Aka zauna a barandar nan. Mika bai ɗauko zancen wasa ba, mutum ne mai kara. Raudatu ce ta ɗauko.

"Na samo muku amsar. Ba sa samun komai a wurinsa, kuma sun sani. Ba sonsa suke yi ba. Duk wanda ke share fagen nan ya taɓa binne wani. Addu'arsu guda ce, Kezia, ki rubuta ta a bangon fagen: bar mini wannan."

Kezia ta sunkuyar da kai. Mika kuwa aikinsa ya motsa shi ya ce, "To in sun yi roƙon, in sa ya riƙa ƙyale su? Ko da kaɗan ne, don mai wasa ya ga amfanin bautar."

"A'a. Kada ka haɗa su ko da zare ɗaya. Ya ci gidan da ya yi yanka, ya ci wanda bai yi ba, yadda ta faɗo kawai."

"In haka ne ai za su gane, su daina."

"Ba za su daina ba. A kowane ƙauye za a samu gida ɗaya da ya yi roƙo wuta ta tsallake shi. Wannan gidan ya ishe su hujja har jikoki. Waɗanda suka yi roƙo aka cinye su ba sa nan balle su ba da labari." Ta gyara wa yarinyar zani a cinyarta. "Kuma ko wadda ta gane, ta san duk banza ne, ka ce mata ita za ta fara dainawa, da ɗanta a goye. Ka ga ko za ta yarda."

Mika ya gyaɗa kai. Ya ce zai gyara manhajar yadda ta ce.

Ana haka aka buɗe get, motar Zubairu ta shigo. Ya fito da fara'arsa, ya gaisa da baƙi, ya wanke hannu a famfon gindin mangwaro, ya zo ya ɗauki 'yarsa ya ɗaga ta sama. Tun da aka haife ta bai taɓa sakin jiki da ita haka ba. Farin ciki ya kama shi, ya ɗaga murya har maigadi yana jiyowa.

"Nabiha! Kai, wannan yarinya da kyau take. Dubi kumatu. Nabihata ta warke, ta fi kowa."

"Rage murya," in ji Raudatu.

Ita kanta ba ta san ta miƙe ba. Ta karɓe yarinyar daga hannunsa, ta ja mayafi ta rufe mata fuska, ta manna ta a ƙirji.

Zubairu ya tsaya da hannuwansa a buɗe. "Lafiya? Barci take?"

"Kada a ji."

"Wa zai ji?"

Raudatu ta san amsar babu kowa ce, yanzun nan ta gama bayyana wa Mika haka da bakinta. Amma idonta na kan get ɗin da maigadi bai gama rufewa ba, kuma ba ta iya ɗauke shi ba sai da ta ji ƙarar sakata. Sannan ta sunkuya, ta kai bakinta daidai kunnen yarinyar ta cikin mayafi.

"Yi shiru, Barmini," ta ce. "Ba kowa ba ne, babanki ne."