Kwanciyar Gawa a Harlem

Malamar yoga, wato motsa jiki da numfashi, ta ce kowa ya rufe ido ya saurari jikinsa, Iyatu ta rufe nata, ba ta ji komai ba. Dama abin da ya kawo ta ke nan. Tun da aka kira daga Maradi aka ce Inna ta cika, abinci ya koma mata kamar dusa, salla kuwa dungure kawai take yi ta tashi. Ita da ke wa mata wankan gawa a unguwar Tremont, tata uwar sai wasu suka wanke, don ba ta da takardun fita ƙasar ta dawo. Ko hawaye ba ta yi ba, har ta fara tsoron zuciyarta ce ta mutu.

'Yarta Shamima ce ta jawo ta unguwar Harlem, wai likita ya ce zai taimaka. Iyatu ta bi kawai, da zani da hijabi cikin mata masu matsattsun wanduna. Aka ce a shaƙi ƙamshin turare, ta shaƙa. Aka ce a saurari numfashi, ta saurara. Duk ɗaya.

Daga ƙarshe kowa ya miƙe rigingine. Shamima ta raɗa mata cewa wannan sunanta kwanciyar gawa. Nan fa Iyatu ta ga ba daidai ba. Ta juya kan hannun dama, ta fuskanci gabas, ta jera ƙafafunta kamar yadda ake sa mamaci a kabari.

Malamar ta zo a hankali, ta durƙusa. Ba ta juya ta ba. Ta murza tafukanta har suka yi zafi, sannan ta riƙe ƙafafun Iyatu.

Ɗumin ya shiga. Iyatu ta san wannan riƙon, haka take yi wa matan da ake kawo mata, takan taɓa ruwa da gwiwar hannu tukuna don kada ya yi musu sanyi.

A jirgin ƙasa Shamima ta tambaye ta ko ta ji daɗi.

"Kira min Maradi," in ji Iyatu. "Ina son in ji wa ya wanke Inna, kuma ko an ɗumama mata ruwa."