Ba Wanda Ya Gaya wa Bilqis

A kasuwar Babura in ka tambayi Malam Sheriff, ba za a ce maka dillalin hatsi ba, ko da yake sana'arsa ke nan. Cewa za a yi, "Wanda ake aikawa?" Direbobin tasha sun ce in ya zo da safe ya ce a ajiye masa kujera biyu a dawowa, to wani gida an yi rashi, za shi ɗauko na nesa. Mata kuwa cewa suke bakinsa na da sanyi. Ba ya faɗa maka kai tsaye. Zai ce jikin wane ya matsa, ana son ganinka. Ya zauna kusa da kai a mota yana yi maka hirar damina, sai an zo kwanar ƙarshe kafin gida ya dafa gwiwarka ya gaya maka, don in ka fashe da kuka masu riƙe ka suna kusa. Har daga Kanya Babba ana zuwa roƙonsa.

Ƙanensa Mu'azzam, mai facin taya a bakin tasha, ba halinsu ɗaya ba. Shi surutu gare shi. Shi ya tsaya wa 'yarsa Bilqis ta buga ƙwallo tun tana firamare, yana jefa mata tana cafewa a bayan rumfarsa. Da aka ɗauke ta gola a tawagar 'yan matan ƙasa, 'yan ƙasa da shekara sha bakwai, duk mai babur ɗin da ya kawo faci sai ya ji labarin kafin a ba shi tayarsa.

Tana sansani, ana shirin wasa na biyu na neman gurbin gasar duniya, zazzaɓi ya kwantar da Mu'azzam. A sansanin karɓe wayoyin yaran ake yi, sai ta hannun koci ake samun su. Ranar da jikin ya yi nauyi, ya miƙa wa yayansa wayarsa.

"Yaya, kira mini kocinsu. A ba ni ita in ji muryarta."

"Da wannan muryar taka?" in ji Sheriff. "Tayar mata da hankali za ka yi a banza. Bari su buga, ka warke, ka cika mata kunne yadda ka saba."

Ya sa wayar a aljihu. Da azahar Mu'azzam ya cika. Bayan la'asar aka kai shi.

Da aka dawo daga maƙabarta Sheriff ya ce kada kowa ya gaya wa Bilqis sai an buga wasan. Tasalla, uwar yarinyar, ba ta ɗago kai ba. Mahaifiyar su Sheriff ce kaɗai ta yi magana, tsohuwar da kowa, har 'ya'yanta, ke kira Ya Kaka.

"Wadda za ta tsaya gaban dubban mutane, ita ce ba za ta iya jin mutuwar ubanta ba?"

"Ya Kaka, ko an gaya mata me za ta riska? An riga an rufe shi."

Ya kira kocin ya yi mata bayani, ta yarda. Amma ta ce uban yana kiran yarinyar kafin kowane wasa, in ba a kira ba za ta gane. Sai Sheriff ya ce shi zai kira.

Bilqis na cire safar hannu bayan atisaye kocin ta miƙo mata waya. Sunan babanta ne a fuskar wayar. Muryar kuwa ta Baffa Sheriff ce.

"Bilqis, ya aiki?"

"Lafiya lau, Baffa. Ina wuni? Ina Baba?"

"Ya ɗan kwanta. Kowa lafiya. Ki tsaya ki yi abin da ya kai ki."

A bayansa tana jin daka, turmi fiye da ɗaya, irin dakan da ba a yi don tuwon gida. Tana jin takalma da yawa a ƙofar soro. Sai wata murya ta namiji ta matso kusa ta ce, "Malam Sheriff, ya ƙarin haƙuri?" Nan take aka toshe wayar da tafin hannu. Da aka buɗe, Baffa ya ce, "Sabis ne ba kyau. Allah ya ba da sa'a."

"Amin," ta ce.

Ta mayar wa koci wayarta. Kocin ta kalli ƙasa. Bilqis ta tsaya tana jira, ko ita za ta faɗa. Kocin ta ce ta je ta ci abinci.

A ɗaki Angelina na kwance ta jingina ƙafafu a bango. Ita ce mai buga gaba, haifaffiyar Kazaure, a can babanta ke aiki, Hausa a bakinta kamar ta kowa.

"Me tsoho ya ce? Ki kama ko da haƙori ne?"

"Ya ce kowa lafiya."

"Shi ke nan? Yau ba huɗuba? Lallai an yi masa allura."

Bilqis ta kwanta ta juya wa ɗakin baya. Ta nemi kuka ba ta same shi ba. Ba a gaya mata ba, ba ta san ta inda za ta fara ba. Ta yi tunanin wataƙila maƙwabci ne. Ta san ba maƙwabci ba ne.

Sun tashi a jirgi zuwa ƙasar da za a buga. Wasan farko sun ci ɗaya a gida, don haka canjaras ya ishe su. Filin cike yake da mutanen da ba ta jin yarensu. Ta tsaya tsakanin sanduna biyu. Ƙwallo ta zo, ta kama. Ta sake zuwa, ta doke ta waje. Ana dab da tashi aka ba masu gida fanareti, ta faɗa hagu ba tare da ta yanke shawara ba, ƙwallon ta bugi gwiwarta ta fita. Da alƙaliya ta busa tashi, 'yan matan suka danne ta a ƙasa suna ihu. Tana ƙarƙashinsu tana kallon wani ɗan fili na sama tsakanin kafaɗu biyu. Wani ya miƙo mata makirufo. Ta ce sun gode wa Allah.

Da aka ba su hutu, mota ɗaya suka shiga da Angelina daga Kano zuwa Kazaure. An mayar mata da wayarta, amma ba ta kunna ba. A tashar Kazaure ta hango Baffa tsaye a inuwa, hannayensa a baya. Tun tana ƙarama take ganin tsayuwar nan, a kan wasu.

"Sannu da hanya," ya ce. "Jikin babanki ne ya ɗan matsa. Na ce bari in taro ki."

"To, Baffa."

Suka shiga motar Babura, kujera biyu a baya. Ya yi mata hirar damina. Ya ce gero ya yi kyau ta wajen Yankwashi, wake ne ruwa ya yi wa yawa. Ta ce Allah sarki. Tana kallon hannunsa na dama a kan cinyarsa. Sau ɗaya ya ɗaga shi, sai ya gyara hula da shi.

Ta san kwanar. Daga bakin titi a shiga layinsu, wajen injin niƙa. Ta shirya gwiwarta. Amma kafin su kai, tun daga tasha, samarin unguwa sun ji labarin zuwanta. Sun tare hanya da babura suna hon, ana kiran sunanta, wani ya ɗaure tutar ƙasa a sanda. Duk sun kalli wasan a gidan kallo. Aka raba ta da jakarta, aka ɗora ta a bayan babur. Da ta waiga, Baffa na can baya cikin mutane, bakinsa a buɗe kaɗan. Sai da aka zo ƙofar gida samarin suka tuna gidan makoki ne, suka kashe injin ɗaya bayan ɗaya.

An riga an naɗe tabarmin zaman makoki. A tsakar gida mata suka miƙe. Kowacce ta ɗauka Malam Sheriff ya yi aikinsa a hanya, ai shi ne gwani. Da suka ga idonta a bushe sai suka ce yarinyar akwai tawakkali. Wata ta ce, "Ya haƙuri?" Bilqis ta ce, "Da godiya." Wata ta ce, "Mun gan ki a talabijin, wallahi kamar namiji." Ta ce, "Na gode." Da murya ɗaya ta amsa duka biyun.

Uwarta na zaune a ɗaki cikin kayan takaba, ba kwalli ba ɗankunne. Ta riƙe hannun Bilqis ta ce, "Kin rame. Ba sa ba ku abinci?"

"Suna ba mu, Umma."

Haka kwanakin suka tafi. Tana shara, tana ɗebo ruwa, tana gaishe da masu zuwa. In ta bi ta tasha tana ganin rumfar a rufe, an jingina tsofaffin tayoyi a ƙofar. Ba ta san ranar da abin ya faru ba. Ba ta san ko da safe ne ko da yamma, ko ya sha wuya, ko ya yi magana. Tambaya ta yi mata nauyi, don duk gidan sun wuce wurin, suna maganar arba'in. Baffa kuwa ya daina shigowa. Yana aiko da cefane, yana tsayawa a soro ya gaishe da Ya Kaka daga nesa.

Ya Kaka ce ta lura. Wata safiya Bilqis na tsefe mata kai, tsohuwar ta ce, "Ke, me Sheriff ya ce miki a mota?"

"Ya ce jikin Baba ya matsa."

"Daga nan fa?"

"Ya ce gero ya yi kyau."

Tsohuwar ta janye kanta daga hannun yarinyar, rabi a tsefe. Ta ɗaura ɗankwali a haka ta dogara sanda zuwa soro. Daga tsakar gida ana jin ta.

"Sheriff! Shigo nan. Mutanen gari ka iya wa, naka ne ka bari a tsakiyar hanya? Yarinya za ta koma sansani har yanzu jikin ubanta yana matsawa?"

"Ya Kaka, ai ta gani da idonta."

"Ta ga tabarma. Ni kuma ina ɗakin nan ranar, kunnena bai mutu ba. Ko ka faɗa mata duka, ko in faɗa, kuma ka san bakina ba sanyi."

Ya daɗe bai shigo ba. Da ya shigo sai da ya cire takalmi a bakin tsakar gida, abin da ba ya yi. Bilqis na zaune a kan turmin da aka kifa, matsefi a hannunta. Ta yunƙura za ta durƙusa, ya ce ta zauna. Shi ya tsuguna. Tasalla ta fito bakin ƙofa ta tsaya.

"Bilqis," ya ce. "Babanki ya rasu. Ranar Talata ce, da azahar, kafin ku tashi. Zazzaɓi ne. Bai daɗe yana shan wuya ba."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce. Sai yanzu ta faɗa.

"Da saura." Ya kalli hannayensa. "Da safen ranar ya ba ni wayarsa. Ya ce in kira kocinku a ba shi ke, yana son jin muryarki. Hankalinsa ɗaya, da kun yi magana. Ni na hana. Na ce ya bari ku buga."

Matsefin ya faɗi ƙasa. Ba wanda ya ɗauka.

"Me yake so ya ce mini?"

"Ban sani ba. Ban tambaye shi ba."

Ta gyaɗa kai. Haɓarta ta fara rawa, ta sa hannu ta riƙe, rawar ta koma kafaɗunta. Uwarta ta taho ta tsaya a bayanta. Malam Sheriff bai tashi daga tsugunen ba. Ya ɗaga murya yadda har na soro za su ji.

"Shi ba ni da inda zan same shi in roƙe shi. Ke ce a gabana. Na zalunce ki, Bilqis. Don Allah ki yafe mini."