Ramin Tsutsa a Shagona

Ni kafinta ne, kuma a sana'armu ramin tsutsa ba abin alfahari ba ne. Katakon da tsutsa ta huda, gefe ake jefa shi. Shi ya sa da babbar 'yata ta ce wata jami'a a can wata ƙasa mai nisa ta kira ta ta je ta ƙaro karatu a kan ramin tsutsa, sai na ɗauka ban ji da kyau ba.

Uwarta ta ce maganar tana hannuna. In na ce ta tafi, ta tafi. In na ce a'a, ta zauna. Yarinyar nan ko kasuwa ta je sai na fito bakin titi ina leƙe.

Na ce ta same ni a shago ta yi min bayani. Ta zo da hantsi, ta kakkaɓe garin katako daga benci ta zauna. Mai walda, maƙwabcina, ya kashe injinsa ya matso, don shi ba a magana a layinmu ba da shi ba.

Ta ɗauko wani guntun katako daga cikin na zubarwa.

"Baba, ka ga tsutsa ta shiga ta nan, ta ɓullo ta can. Ba ta zagaya ba, ta yanke hanya. To masana sun ce lissafi ya nuna sararin sama ma zai iya samun irin wannan rami mai baki biyu."

"Tsutsar wace iri ce?"

"Babu tsutsa, Baba. Suna ne kawai."

"To wa ya huda?"

"Ba wanda ya huda tukuna. Ba a ma taɓa ganin ko ɗaya ba."

Mai walda ya ce, "Ni ma an taɓa sa ni na yi ƙofa, mai ita bai sayi fili ba."

Ta yi dariya, ni ban yi ba. Ta ci gaba. Wai in aka ɗauki ɗaya daga cikin bakunan ramin aka yi gudu da shi, gudun da ya kusa na haske, aka dawo, agogonsa zai makara. Sai baki ɗaya ya kasance a yau, ɗayan a jiya. Abin da ka jefa ta na yau, ta na jiya zai faɗo. Ko tsakuwa, ko saƙo. Matsalar dai ramin rufewa yake yi nan take in ba a tokare shi ba, kuma abin tokarewar ba a same shi ba.

Na ce, "Da katako ne da na ba ki."

Na ciro fensir ɗin kunnena ina juya shi. Can sai wata dabara ta zo min, irin wadda ban taɓa yi ba a rayuwata.

"Saurara. In kin tafi, kin yi karatun, kin samo ramin, ki aiko min da saƙo zuwa yau. Nan, kan teburin nan. Ki ce, Baba na je lafiya, ban yi ciwo ba, ba wanda ya wulaƙanta ni. Ina gani zan ce ki tafi."

"Baba."

"Ba dogon saƙo nake so ba."

Na kwashe zarto da guduma da gwangwanin ƙusa daga kan teburin, na goge shi da tsumma, kada saƙo ya zo ya rasa wurin sauka. Muka zauna mu uku muna kallon tebur.

Wani ƙuda ya sauka. Mai walda ya ce a duba ƙafar ƙudan, ko an ɗauro masa saƙon. Wata mata ta leƙo tana tambayar kabad ɗinta, na ce ta dawo jibi, muna cikin aiki. Ta dubi teburin, ta dube mu, ta tafi.

Rana ta kai tsakiyar shago, ba abin da ya zo.

Na ce, "Kin gani ko? Ko dai wani abu ya same ki a can, ko kin yi girma kin manta da ubanki."

Mai walda ya ce, "Ko kuma ta aiko, ya faɗa shagona. Bari in duba."

Da ya fita, ta matso kusa da ni. Ta daina dariyar.

"Baba, ko da an yi ramin, saƙo ba ya wuce ranar da aka huda shi. Nan hanyar ta ƙare. Yau babu rami, don haka ba abin da zai iso yau, ko ina lafiya ko ba na lafiya."

"To amfaninsa me ke nan?"

"Kuma in ka hana ni, wa zai aiko?"

Na lissafa abin a kaina, ta gaba da ta baya, kamar yadda nake auna ƙofa. Duk ta inda na ɓullo, sai na sake ta tukuna kafin in ji labari. Na ce mata ai wannan ba sabon ilimi ba ne, haka ake yi tun da can. Ta ce e, haka ake yi.

Na tashi na shiga ciki inda nake ɓoye katako mai kyau, wanda ba na nuna wa masu ciniki. Na jawo guda biyu na ɗora a tebur.

"Kayan naki za su kai nawa? Har da littattafai?"

"Baba, ba a shiga jirgi da akwatin katako yanzu."

"Ban tambaye ki jirgi ba. Riƙe min bakin tef ɗin nan."

Ta riƙe. Na auna na sake aunawa, lambar ba ta zo daidai ba.

Mai walda ya dawo ya ce bai ga saƙo ba. Ya dubi katakon, ya dube ni.

"Maƙwabci, ka amince ke nan?"

"Ban ce ba. Ka yi min wurin sa kwaɗo, mai kauri. Guda biyu."