Jelar Ragon Lantana

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar Hunkuyi a shekarun farko na samun 'yancin kai ya san rumfar Lantana mai tuwo. In ma bai san rumfar ba, ya ji alfaharin mai ita, don ba ta gajiya da faɗa: tun da mijinta Ya'u ya rasu ta ɗora tukunya a bakin tasha, ba a taɓa zuwa neman tuwo ta ce babu ba. Ko Sallah ake, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, ko zazzaɓi ke kaɗa ta, wutarta na ci. Ita kuwa mai tuwon, in aka tambaye ta yaushe rabonta da ta zauna ta ci abinci, sai ta yi dariya ta kawo wata maganar. Abincinta ɗanɗana gishirin miya ne, sai ƙanzon da take kankarowa a tsaye in ta zo wanke tukunya. Har ragon da ta kiwata a bayan rumfa ya fi ta morar tuwon nan. Shi ya yi ɓul-ɓul, ita wuya ya yi tsawo.

Da ragon ta yi layya, layyarta ta farko da gumin kanta. Jelar kuwa, kamar yadda kowane gida ke yi, ta barbaɗe ta da gishiri ta rataye a saman murhu, hayaƙi na bugunta, ana jiran ranar cika-ciki. A ranar ce ake sallamar tsohuwar shekara a tarbi sabuwa. A dafa jelar layya, a tuƙa tuwo mai yawa, kowa ya ci sai ya ture, don an ce wanda bai ƙoshi a ranar ba haka zai ƙare shekarar. Jelar layya ta gida ce, ba ta kasuwa ba. Ko mahaukacin tasha ya san wannan.

Mahaifiyarta, Inna Mero, tana wani ƙauye can wajen Makarfi. Kowace shekara takan zo cika-ciki, ta wuce gidan Lantana kai tsaye, ta zauna a tsakar gida tana jira, a ƙarshe 'yar ta shigo a gajiye da sauran tuwon kasuwa mai sanyi. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Lantana 'yar fari ce, don haka ko sunanta Inna ba ta faɗa, balle ta tsaya nuna damuwa. Wannan shirun ne ya fi ci wa Lantana rai. Shi ya sa bana ta aika takanas: a gaya wa Inna ta zo da yunwarta, da jelar ragon gida za a yi, kuma azahar na yi za a rufe rumfa.

To, ranar ta zo a farkon damina, itace duk ya jiƙe. Lantana ta duba ta ga hura wuta biyu, ɗaya a gida ɗaya a tasha, ɓarna ce. Sai ta tsinko jelar ta taho da ita rumfa, ta datsa, ta zuba a ƙaramar tukunya da daddawa da barkono, ta ɗora a gefen murhun kasuwa. In ta dahu sai ta ɗauka zuwa gida. A ganinta dabara ta yi.

Azahar ta yi, ba a rufe ba. 'Yan ƙodago sun taso daga gona, ai ba a korar su. La'asar ta yi, miyar kasuwa ta ƙare ƙarƙaf, saura malmalar tuwo 'yan kaɗan a ƙwarya. Lantana ta fara tattara kwanoni, tana cewa a ranta Inna ta zo a motar safe, tana can gida tana gyangyaɗi. Sai ga lorin Mamuda direba ta shigo tana tari, laka har bodi. Tun hantsi ta kafe a wani kwari tsakanin Makarfi da nan, fasinjoji ne suka yi ta turi. Suka diro kamar fara, suka nufo rumfa.

"Lantana, ki cece mu," in ji Mamuda. "Tun kokon safe rabonmu da wani abu."

"Tuwo dai akwai, Malam Mamuda."

"Miya fa?"

Kalmar tana nan a bakinta, gajeriya, ba ta da nauyi. Amma shekara da shekaru ba ta faɗe ta ba, ta ƙi fitowa.

Mamuda ya shaƙi iska, ya nuna ƙaramar tukunya da haɓa. "Waccan da ke ƙamshi fa? Ko yau za a ce a Hunkuyi Lantana ta ce babu?"

Romon kawai zan ɗiba, ta ce wa kanta, naman yana nan. Ta ɗebi romo ta zuba wa Mamuda. Na bayansa ya miƙo kwano, ta ɗiba. Ta ƙara ruwa, ta ƙara daddawa. Hannu ya saba da aikinsa, ba ya shawara da kowa. Ludayi ya shiga ya fito, ya shiga ya fito, wani ya ce a sa masa ɗan nama, ta sa. Ko kai ba ta ɗagawa, hannuwa kawai take gani da kwanoni. Sai da ludayi ya yi ƙara a gindin tukunya sannan ta farga.

Mamuda na zaune a kan gungumen da masu saye ke zama, yana tsotsar ƙashi. Can ya tsaya, ya ɗaga ƙashin sama yana jujjuya shi. Mutum ne da ba ya iya magana a hankali, injin mota ya lalata masa kunne.

"Kai jama'a! Wallahi jelar layya ce! Ku ji hayaƙin. Lantana, jelar gidanki kika sayar mana? Yau, ranar cika-ciki?"

Wani ya tuntsire da dariya. Wata mata ta ajiye kwanonta a hankali, ta goge hannu, kamar an ce mata abincin marayu ta ci. Lantana ta ji kunya ta taso mata tun daga tafin ƙafa. Ta buɗe baki za ta mayar da abin wasa, kamar yadda ta saba, sai idonta ya faɗa can ƙarshen gungumen.

Wata tsohuwa ce zaune da ƙullin kaya a cinya, zanenta duk laka. Inna Mero. Motar safe ta wuce ta bar ta, a lorin Mamuda ta zo, ita ce ta ƙarshen saukowa. Tun ɗazu tana nan, ba ta miƙo kwano ba, shi ya sa ba a gan ta ba.

Lantana ta durƙusa a inda take, ludayi a hannu. "Inna, sannu da zuwa. Sannu da hanya. Yaya mutanen gida?"

"Lafiya lau. Sannu da aiki."

"Inna, wallahi romon kawai na yi niyya..."

Fasinjojin suka soma sulalewa ɗaya bayan ɗaya, har Mamuda ya tuna yana da taya da zai duba. Tsohuwar ta leƙa ƙwarya. Malmala ɗaya ta rage. Ta kwance bakin zanenta, ta ciro taro, ta miƙa.

"A ba ni tuwo."

"Haba Inna! Kuɗi? A wurina?"

"Karɓi. Na zauna na duba, na ga a nan sai mai biya ke ci."

Da mari ta yi mata da ya fi sauƙi. Lantana ta karɓa, don ba a musu da Inna. Ta sa malmalar a kwano, ta karkata ƙaramar tukunya, ta kwarara ɗan abin da ya rage, ya fi kama da ruwan wanke tukunya. Ta ajiye a gaban mahaifiyarta, kanta a ƙasa.

Inna ta ture kwanon ya koma gabanta.

"Saye na yi, nawa ne, na ba ki. Hau nan ki zauna."

"Ke fa, Inna? Tun safe kina hanya."

"Ni shekarun da na ƙoshi sun ishe ni. Ke dai dubi hannunki. Warwaron da na ba ki ranar aure, da ƙyar ya shiga, yau ga shi yana yawo har gwiwar hannu. Ni jela ta kawo ni? Haƙoran cin jela gare ni? Cewa aka yi bana za ki zauna ki ci abinci, na ce bari in zo in gani da idona kafin in mutu."

Tun da Lantana take, ba ta taɓa jin Inna ta yi mata magana mai tsawon haka ba. Ta tashi ta zauna a kan gungumen. Ita ta sa aka jawo shi nan, amma ba ta taɓa zama a kai ba, ashe ma yana da daɗin zama. Ta yanki loma. Tuwon ya huce, miyar salam, ga hawaye na gangarowa. Tana tauna tana laluben shekarar da ta wuce, ko za ta tuna wani abu nata. Jikarta ta fari an haifa a Kudan, nan kusa, ta aika da tuwon suna amma ba ta je ba. Ƙafarta ta kumbura da sanyi, ta ɗaure da tsumma ta ci gaba. Ban da wannan, duk inda ta juya a shekarar, tukunya take gani.

Ana cikin haka aka fara kiran magariba. Wani mai keke ya tsaya a bakin rumfa, ƙafa ɗaya a ƙasa.

"Salamu alaikum. Mai tuwo, akwai saura?"

Jikin Lantana ya zabura da kansa. Akwai gari a buhu, garwashi bai mutu ba, kafin a idar da salla ta tuƙa wani. Har ta ɗaga daga zaune, sai ta ji hannun Inna a kan gwiwarta. Ba dannawa ta yi ba, ɗorawa kawai ta yi.

Lantana ta koma ta zauna. Ta haɗiye lomar da ke bakinta, ta dubi mai keken.

"Babu," ta ce.