Sista a Ajin Zuba Jari

Shekara goma sha tara Sista ta yi a ɗakin wankin ciwo na asibitin unguwarsu, ba a taɓa ganin ta toshe hanci ba. Ƙafar mai ciwon suga da ta ruɓe, ƙunar da ta yi ruwa, gyambon da aka ɓoye a gida wata uku ana barbaɗa masa toka, duk takan wanke su ta naɗe, ta fita ta ci abincinta hankali kwance. Amma wata Asabar, a wani ɗakin taro mai sanyin na'ura da labule masu sheƙi, zuciyarta ta tashi har sai da ta nemi inda za ta tofar da yawu.

Mafarin abin kuɗin mijinta ne. Direba ne a wata ma'aikata, kuma sai da ya shekara biyu da rasuwa sannan haƙƙinsa ya fito. Da aka ba kowa nasa, kasonta da na 'yarta ya zauna a banki. Ba wasu kuɗi ne na a zo a gani ba, amma ta riga ta yanka musu aiki biyu. Kwanon rufin gidan ya fara yoyo, da ƙyar zai ƙara damina biyu. 'Yarta kuma shekararta goma sha uku, nan da shekara biyar za ta shiga jami'a in Allah ya yarda. Kullum Sista ta je kasuwa ta ji sabon farashi, sai ta ji kamar ana yankar kuɗin nan ta gefe. Lambar tana nan yadda take a waya, amma abin da za ta iya saya sai ramewa yake.

'Yan'uwa sun yi ta kawo shawara, kuma kowace shawara ƙarshenta ɗaya ne: ta kawo a juya mata. Ita kuwa ta rantse ba mai riƙe mata ko sisi. So take ta koya da kanta. Shi ya sa da mai gwajin jini na asibitinsu ya turo mata wata talla a waya, "Koyi zuba jari da kanka a yini ɗaya," ta daure ta biya kuɗin shiga, kusan rubu'in albashinta.

Ɗakin taron ya cika maƙil. Akwai malaman makaranta, akwai 'yan fansho, akwai masu shaguna da suka rufe kasuwarsu suka zo. A bakin ƙofa aka miƙa wa kowa littafi mai bango mai ƙyalli, da hoton mai ajin ya jingina da wata baƙar mota. Dakta ake ce masa. Sista ta tambayi wata dattijuwa da ke kusa da ita ko daktan mene ne.

"Oho, 'yar nan. Ni dai na ji ana cewa Dakta," in ji dattijuwar. Ta ce shara ta yi a wata makaranta shekara talatin, watan jiya aka sallame ta da ɗan abin da ya samu.

Dakta ya shigo da kiɗa, turarensa ya riga shi isowa. Awa biyu cur yana magana. Ya faɗi kuɗin agogonsa. Ya faɗi ƙasashen da ya je. Ya ce talauci ba a aljihu yake ba, a ƙwaƙwalwa yake, ya sa kowa ya dafa kansa ya ce "Fita!" sau uku. Mutane masu furfura suka dafa kai suna ihu. Sista ta dubi takardar da ta buɗe don rubutu, ba komai a kai sai kwanan wata.

Da aka ba da damar tambaya ta ɗaga hannu.

"Ina da buƙata biyu, ɗaya nan da shekara biyu, ɗaya nan da shekara biyar. Wuri ɗaya zan sa kuɗin ko raba su ake yi? Kuma ta yaya zan san wanda ya dace da kowace?"

Dakta ya yi dariya, ya juya ga jama'a yana nuna ta da lasifika.

"Kun ji irin tunanin da nake faɗa muku? Shekara biyar! Madam, wa ya ce miki kuɗi na jiran shekara biyar? Wannan amsar tana aji na biyu, na waɗanda suka shirya da gaske."

Aji na biyun kuɗinsa ninki uku ne. Aka yi masa tafi.

Sai ya ce yanzu za su ga shaida da idonsu. Aka rage fitilu, aka haska hoton wani gida a bango, wani saurayi ya hau dandamali cikin kwat ruwan toka yana gyara wuya.

Kwat ɗin Sista ta fara ganewa. Na mijinta ne, wanda yake sawa idan zai tuƙa manyan baƙi. Ita ta ninke shi da hannunta ta ba ƙaninsa bayan rasuwar. Wanda ke cikin kwat ɗin kuwa Auta ne, ƙanin mijin nata, da ya haura talatin ba aiki ba sana'a, yana zaune a ɗakin ƙofar gidanta tun yayansa na raye. Ko a safiyar nan sai da ya aiko a ƙaro masa suga.

Sannan ta dubi bango. Ƙofar gidanta ce, koriya, wadda ta biya aka yi wa fenti bara. Ga tukwanen furenta biyu a gefe. An yanke hoton daidai inda tsatsar kwano ta fara.

"Wata takwas da suka wuce ko kuɗin mota ba ni da shi," in ji Auta, muryarsa har rawa take. "Na shiga aji na biyu. Yau ga gidan da na gina da gumina. Har matar yayana marigayi da marainiyarta ni nake riƙe da su a ciki."

Ɗakin ya ɗauki kabbara da tafi. Wata mata a gaba tana share hawaye. Sista ta kau da kai daga hoton. A gefenta dattijuwar nan ta kwance bakin gyalenta ta fara fito da kuɗi.

Sista ta riƙe mata hannu. "Baba, kada ki ba su. Gidana ne wancan. Yaron nan ni nake ciyar da shi."

Ba ta san ta miƙe ba sai da ta ji muryarta ta cika ɗakin. "Ƙarya yake yi! Gidan mijina ne, shekara goma sha biyu da gina shi. Auta, dube ni nan!"

Auta ya dube ta, ya yi wuri-wuri da ido, ya sunkuyar da kai yana wasa da maɓallin kwat. Dakta kuwa ko gezau.

"Kun gani? Duk wanda ya samu, daga gida hassada ke fara masa. Ku fita da ita a hankali, ba laifinta ba ne."

Wasu ƙarti biyu suka zo suka tsaya mata a kai. Mutum huɗu ko biyar suka tashi suka bi ta waje suna ƙunƙuni. Sauran suka zauna. Dattijuwar ta zare hannunta a hankali ta ce, "Bar ni in gwada sa'ata, 'yar nan," ta shiga layin masu biya. A bakin titi Sista ta tsaya kusa da kwata ta tofar da yawu, ta sake tofarwa, ɗacin bakinta bai tafi ba.

Da la'asar Auta ya dawo yana raɓe-raɓe. Ta same shi a tsakar gida.

"Yaya, wallahi aiki ne kawai. Duk Asabar ana ba ni ɗan wani abu. Ban san za ki zo ba."

"Da ban zo ba shi ke nan ya halatta? Asabar nawa ka yi?"

"Bakwai."

"Sau bakwai kana sayar da ni da 'yar yayanka a gaban mutane. Ka ga tsohuwar da ke kusa da ni? Kuɗin shararta na shekara talatin ta ba su saboda hawayenka."

"Ai ba ni na karɓa ba, Yaya."

Wannan amsar ta fi komai ƙona mata rai. Ta ce ya cire kwat ɗin nan take. Ya cire ya miƙo, yana warin turaren Dakta, ta karɓa da yatsa biyu ta jefa a bokitin wanki. Ta ba shi zuwa ƙarshen wata ya nemi wurin zama. Surukarta ta kira ta har sau uku tana cewa yaro ne, a yi haƙuri. Sista ta ce, "Inna, yaron da ya iya kukan ƙarya a lasifika ya iya neman ɗaki."

Ranar Litinin ta tafi aiki da littafin Dakta, ba don karatu ba, don ta ɗora kwanon almakashi a kai. Mutum na uku a layi wani dattijo ne mai ciwon suga da yake zuwa wankin ƙafa Litinin da Alhamis. Baba Kashiya ake kiransa, don a banki ya yi aiki har ya yi ritaya. Tana kwance bandeji ya miƙa hannu ya jawo littafin, ya buɗe, ya gyara tabarau.

"Nawa kika sayi wannan?"

Ta faɗa masa. Ya yi salati.

"'Yata, wannan ai littafin hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari ne. Kyauta ake rabawa, yana shafinsu ma, kowa na iya saukewa a waya. Bango kawai aka sake masa. Duba nan."

Ya buɗe shafin ƙarshe. Can ƙasa da ƙananan haruffa an rubuta cewa ba na sayarwa ba ne. Ko gogewa ba su yi ba. Sista ta ja tsaki mai tsawo har mai jiran layi ya leƙo.

"Amma littafin ba shi da laifi," in ji Baba Kashiya. "Yage bangon ki karanta."

Ta yage bangon a gabansa ta jefa a kwandon tsofaffin bandeji.

Daga ranar, minti goma sha biyar na wankin ƙafa ya zama aji. Ya ce kafin ta taɓa kuɗin ta rubuta me take so, yaushe take so, kuma nawa abin zai kai a lokacin, ba nawa yake yau ba. Ya ce ta fara ware na ko-ta-kwana, abin da zai riƙe gida wata shida, wannan ba a zuba shi ko'ina. Kuɗin rufi da za a nema nan kusa ba a kai shi inda farashi ke hawa da sauka. Na karatun yarinya da ke da sauran lokaci shi ne zai iya jure ɗan girgiza. Ya nuna mata shafin da ake duba ko kamfani yana da lasisi. Ta duba sunan kamfanin Dakta, babu shi babu dalilinsa.

Abu ɗaya ya ƙi yi mata. Duk yadda ta matsa ya faɗa mata wane jari za ta saya, sai ya ce, "Ranar da na zaɓa miki, na zama Dakta ke nan. Karanta takardar kowane kamfani ki zo ki faɗa mini nawa suke cira na hidima a shekara."

'Yarta ce ta samo mata wata manhajar lissafi ta kyauta, wadda za ka sa abin da kake buƙata da shekarun da suka rage, ta nuna maka abin da za ka riƙa ƙarawa duk wata. Ranar farko da suka gwada, adadin ya fi ƙarfin albashinta. Ta rage, ta ƙara, ta soke sayen sabon firiji. Bidiyoyin koyarwa kuwa ta sha su har ta gaji. Cikin goma, takwas wani ne a jingine da mota yana cewa a danna ƙasa a biya. Da ta ga mota take wucewa.

Wata huɗu ta yi tana karatu kafin ta sa ko kwabo. Duk da haka sai da ta yi kuskure. Asusun haɗaka na farko da ta zaɓa, irin wanda ake tara kuɗin mutane da yawa a zuba jari, bayan wata biyu ta gano kuɗin hidimarsu ya kusa ninka na wasu, an rubuta shi a shafi na tara inda ido ba ya kaiwa. Ta fita da 'yar asara, ta kwana biyu tana jin haushin kanta. Baba Kashiya ya yi dariya ya ce ai wannan kuɗin makaranta ne mai araha.

Auta ya koma wurin wani abokinsa. Hoton gidan kuwa ya daɗe yana yawo a tallar Dakta. Sista ta kai ƙara wurin hukumar a rubuce, aka ce ana dubawa. Bayan wani lokaci tallar ta ɓace, sai ga ta ta dawo da sabon suna da sabon gida, da wani saurayin daban yana kuka. Sista ba ta sake ganin dattijuwar nan ba, kuma duk ranar da ta tuna yadda ta zare hannunta sai abinci ya fita ranta.

Kafin damina ta biyu aka sauke tsohon kwano aka ɗora sabo, kuɗin suka isa har da ɗan canji. Na karatun yana nan yana tafiyarsa a hankali, wani watan ya ɗaga, wani watan ya sauka. Wata ranar Lahadi tana yanka albasa 'yarta ta shigo kicin da waya a hannu, fuska a yamutse.

"Umma, ya ragu fa. Sosai ma."

"Shekara nawa ta rage miki ki shiga jami'a?"

"Uku da wata biyar."

"To ajiye wayar ki zo ki wanke mini shinkafar nan."